Wa Ya Yi Kisan? Tarihin Mai Kantin Littattafai da Ya Zama Mai Bincike

A shekarar 1987 wata marubuciya 'yar Amurka, Carolyn Hart, ta fitar da ƙagaggen labari mai suna Death on Demand. Tauraruwar labarin, Annie Laurance, budurwa ce da ta gaji kantin littattafai daga kawunta a wani ɗan tsibiri da ke gaɓar jihar South Carolina. Duk daren Lahadi marubutan tsibirin sukan taru a kantin su sha hira. Wani dare wuta ta ɗauke ana tsakiyar zama, da haske ya dawo sai ga ɗayansu kwance ba rai. 'Yan sanda suka ɗora zargi a kan mai kanti. Ita kuwa ta ga in ba ta tashi ta nemo mai laifin da kanta ba, to ita za ta kwana a ciki. Ba ta da bindiga, ba ta da kaki. Jarinta sanin halin mutanen da ke shiga kantinta, da ɗimbin labaran bincike da ta karanta tana jiran masu saye.

Littafin ya samu karɓuwa har marubuciyar ta biyo shi da wasu fiye da 20 a kan wannan mai kanti. A yau irin wannan labari, wato labarin bincike mai sanyi, yana da kantarsa ta musamman a shagunan littattafan Amurka da Ingila, kuma yana da sharuɗɗan da masu karatunsa suka sani. Ana yin kisa, amma ba a baje wa mai karatu jini. Babu batsa, babu ashar. Wurin ƙarami ne, kowa ya san gidan kowa. Mai binciken ba ma'aikacin hukuma ba ne, yawanci ma mace ce mai ƙaramar sana'a. Mai kisan kuma ba baƙo ba ne, yana cikin mutanen da aka gaisa da su tun a shafukan farko, har mai karatu ya ji ya saba da shi.

Duk wanda ya san rayuwar unguwannin Hausawa, daga Fagge har Zangon Kwatano, zai ga kamar don mu aka tsara waɗannan sharuɗɗa. Amma in ka shiga kasuwar littattafan Hausa ka nemi irin wannan labari, za ka sha yawo. Yadda aka yi salon ya taso, da yadda ya bi ta gefenmu ya wuce, tarihi ne mai tsawo.

Turawa sukan fara lissafi daga 1841, sai dai tunanin gano gaskiya ta hanyar alamu ya daɗe a hannun Musulmi. Duk wanda ya yi karatun tafsiri ya san yadda aka wanke Annabi Yusuf, Alaihissalam, ta hanyar duba inda rigarsa ta yage, ta gaba ko ta baya. Malamai sun kafa hujja da wannan wajen halatta wa alƙali ya yi aiki da alamar da ta bayyana, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a kai a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya. Akwai kuma labaran Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra a zamanin Halifa Umar ɗan Abdul'aziz. An kawo masa wani mutum da ya musa ajiyar kuɗi, mai ƙara yana cewa a gindin wata bishiya ya ba shi, shi kuwa yana cewa bai ma san bishiyar ba. Iyasu ya tura mai ƙara ya je wurin bishiyar, ya ci gaba da sauraron wasu shari'u. Can da aka ɗan jima sai ya waiwayo ya tambayi wanda ake ƙara ko yana ganin abokin shari'arsa ya isa wurin zuwa yanzu. Mutumin ya ce bai isa ba tukuna. Da bakinsa ya kama kansa.

A cikin Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka fassara zuwa Hausa aka buga tun 1924, akwai labarin tuffa uku a dararen farko-farko. Masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, Halifa Haruna Rashid ya saya, aka buɗe aka ga gawar wata matashiya. Halifa ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya yi kisan, ko a rataye shi a madadinsa. Duk kayan labarin bincike suna nan: gawa, wa'adi, mutum biyu da kowannensu ke cewa shi ya aikata, da tuffa ɗaya da ta bi hannu-hannu har ta jawo mugun zato. Abu guda ne babu. Ja'afaru bai fita ya bincika komai ba, gida ya koma ya zauna yana jiran ajali, gaskiya ce ta zo ta same shi, har ya tsinci tuffar a aljihun 'yarsa.

Wannan giɓi, wato mutumin da zai tashi ya bi sawu da hankalinsa, shi Edgar Allan Poe ya cike a 1841 da labarin kisan da aka yi a titin Morgue na birnin Paris. Mai bincikensa, Dupin, ba ɗan sanda ba ne, ɗan babban gida ne da dukiya ta ƙare masa, ba abin da ya rage masa sai son karatu. Abin lura, mai ba da labarin ya fara haɗuwa da Dupin ne a wani ɗakin littattafai, su biyun suna neman wani littafi mai wuyar samu. Ke nan tun ranar farko a cikin littattafai aka yanke wa salon cibiya. Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle ya bayyana a 1887, kuma lokacin da marubucin ya dawo da shi a 1903 bayan an ɗauka ya mutu, a kamannin wani tsoho mai harkar tsofaffin littattafai ya shigo wa abokinsa Watson.

Wadda ta sanyaya salon ta shigar da shi cikin gida ita ce Agatha Christie. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na wani asibiti a garin Torquay, a nan ta san guba ciki da waje, shi ya sa mutanen labaranta suka fi mutuwa ta kofin shayi fiye da ta bakin bindiga. Littafinta na farko ya fito a 1920. A 1927 ta ƙirƙiro Miss Marple a gajeren labari, a 1930 kuma ta ba ta cikakken littafi. Miss Marple tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a wani ƙauye tana saƙa da kula da lambu. Dabararta ɗaya ce: duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani da ta taɓa sani a ƙauyensu, mahauci ko 'yar aiki ko mai gidan waya, domin a ganinta halin ɗan Adam iri ɗaya ne ko'ina. Manyan jami'ai sukan raina ta, su yi magana a gabanta kamar ba kowa, ita kuwa tana ji tana ajiyewa. Duk wanda ya tashi a gidan da akwai kaka ya san irin wannan tsohuwa.

A wannan zamani ne marubutan Ingila suka mayar da abin kamar wasa mai doka. A 1929 wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya rubuta ƙa'idoji goma. Daga ciki akwai cewa dole a ambaci mai laifin tun da wuri, kada a warware matsala da aljanu ko tsafi, kuma duk alamar da mai bincike ya gani sai a nuna wa mai karatu ita. Manufar ita ce adalci tsakanin marubuci da mai karatu, ta yadda in an kai ƙarshe mutum zai dafe kai ya ce ai kuwa an nuna mini, ni ne ban lura ba.

Amurkawa ba su daɗe ba suka yi wa wannan salo tawaye. Dashiell Hammett da Raymond Chandler suka fitar da kisa daga falon masu kuɗi suka mayar da shi kan titi, wurin 'yan daba da gurɓatattun 'yan sanda. A 1944 Chandler ya rubuta maƙala yana sukar labaran Ingila da cewa sun yi nisa da yadda ake kisa a zahiri. Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma a nan ne tarihin ya shafe mu.

Wanda ya kawo mana hanyar bindiga ba Ba'amurke ba ne. James Hadley Chase ɗan Landan ne, an haife shi a 1906, kuma kafin ya fara rubutu sana'arsa sayar da littattafai: ya yi tallar kundin ilmi na yara gida-gida, ya kuma yi aiki da dillalan littattafai na sari. A nan ya lura da abin da mutane ke ɗauka da sauri. Ya nemi taswirorin Amurka da ƙamus na karin maganar 'yan titinsu, ya zauna ya rubuta No Orchids for Miss Blandish, wanda ya fito a 1939. Kafin rasuwarsa a 1985 ya rubuta littattafai kusan 90. Waɗannan ƙananan littattafai masu hoton mace da bindiga a bango su suka cika makarantun kwana na Arewa a shekarun 1970 da 1980, ana karɓa-karɓa har bango ya cire. A gefe guda ga mujallar hotuna ta African Film mai ɗauke da Lance Spearman, wadda ta yi tashe daga 1968 zuwa 1972, ga kuma jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan da ya fara a 1977, inda ɗan Kano Mohammed Sule ya fito da The Undesirable Element.

Ta ɓangaren ƙasashen Faransanci ma haka abin ya kasance. Jerin littattafan bincike na Le Masque ya fara a Paris a 1927 da fassarar wani littafin Christie, amma a 1945 kamfanin Gallimard ya buɗe jerin Série Noire, kuma littafin Chase na cikin ukun farko da aka buga. Daga baya littattafan leƙen asiri na SAS, na Gérard de Villiers, suka mamaye tabarmin masu baza littattafai a bakin titi daga Dakar har Kwatano. Saurayin Kano da ya yi boko da Turanci da na Kwatano da ya yi da Faransanci, duk abu ɗaya suka sha: mota, kuɗi a jaka, harsashi.

Can kuwa inda aka baro, salon Christie bai mutu ba. A 1972 wata mata, Dilys Winn, ta buɗe kanti a New York mai suna Murder Ink, wanda ba ya sayar da komai sai labaran bincike. Wasu suka biyo baya a garuruwa da dama. Waɗannan kantuna suka zama majalisa: mai kanti ta san abin da kowa ke so, tana ajiye wa wannan, tana ba wancan shawara, marubuta suna zuwa su zauna da masu karatu. Ba a daɗe ba marubutan suka ga cewa mutumin da suke nema ya zama gwarzon labari ga shi nan zaune a bayan kanta. Joan Hess ta fito da Claire Malloy a 1986, bazawara mai kantin littattafai da 'yarta budurwa a wani garin jami'a a jihar Arkansas, shekara guda kafin littafin Hart. Talabijin ma ta taimaka, domin daga 1984 zuwa 1996 an yi ta nuna shirin Murder, She Wrote, na wata dattijuwar marubuciya mai warware kisa a ƙaramin gari. A 1989 masoya salon suka fara taron shekara-shekara mai suna Malice Domestic a yankin Washington, suna ba da kyauta da sunan Agatha, kuma Carolyn Hart ce ta fara cin kyautar gwarzon littafi da wani labarin mai kantin nan tata.

Me ya sa mai sayar da littafi ya dace da wannan aiki haka? Sana'arsa ta zama ce, mutane ke zuwa wurinsa. Abin da mutum ke karantawa yakan tona abin da ke ransa fiye da abin da yake faɗa. Yana da lokacin sauraro, kuma ba wanda ke tsoronsa.

Yanzu mu dawo gida. Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara ne da gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, kuma tun a zubin farko akwai laifi a ciki. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne. Jiki Magayi na John Tafida da East labarin ramuwar gayya ne da ya kai ɗa ga kashe ubansa. Daga baya aka samu Da'u Fataken Dare na Tanko Zango, da Tauraruwar Hamada ta Sa'idu Ahmed Daura, da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. A 1982 gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda har yau da wuya a samu littafin Hausa da ya kai shi zafin ta'addanci. Amma a duba su da kyau. A kusan dukkansu mai laifin muke bi. Muna tare da shi tun daga inda ya fara lalacewa har inda dubunsa ta cika. Tambayar da ke jan mai karatu ita ce yaushe alhaki zai kama shi. Ba a ɓoye mana ko wane ne ba, balle mu yi ta zargin wannan da wancan.

Da adabin kasuwar Kano ya ɓarke a tsakiyar shekarun 1980, bayan tattalin arziki ya karye manyan kamfanonin ɗab'i sun ja baya, soyayya da zaman aure suka ci kasuwa. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, Budurwar Zuciya ta Balaraba Ramat Yakubu, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, su suka shata hanya. Jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara na shekarun 1987 zuwa 2002 ya ƙunshi littattafai fiye da 700, mafi yawansu a kan wannan jigo. An samu marubuta irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih da suka karkata ga labaran sarƙaƙiya da tashin hankali, kuma sun yi ƙoƙari ƙwarai, sai dai iskar da ta kaɗa wannan ɓangare ta Chase ce da ta finafinai, ba ta tsohuwa mai saƙa ba.

Maƙwabtanmu ba su tsaya inda muka tsaya ba. A Zanzibar, tsibirin Musulmi masu al'ada kusa da tamu, Muhammed Said Abdulla, wanda ya taɓa aikin duba-gari, ya ci gasar rubutun Swahili da Mzimu wa Watu wa Kale, aka buga shi a 1960. Gwarzonsa Bwana Msa ba ɗan sanda ba ne, mutum ne mai nutsuwa da lura, kuma a wannan littafi an tsinci gawa ne a wurin da jama'a ke tsoro saboda imani da iskoki, shi kuwa ya nuna hannun mutum ne. Yarabawa sun samu Oladejo Okediji a 1969, sannan Kola Akinlade da mai bincikensa Akin Olusina daga 1971. A Kwatano kanta akwai Florent Couao-Zotti, haifaffen Pobè a 1964, wanda littafinsa na 2010 mai dogon suna na karin magana, a kan tunkiya da alade, ya ci kyautar Ahmadou Kourouma. Labarin kisan wata sarauniyar kyau ne da jakar hodar iblis, cikin hayaniyar birnin da 'yan acaɓansa masu rigar ɗorawa. Littafi ne mai ƙarfi, amma shi ma ɗan gidan bindiga ne, kuma da Faransanci aka rubuta shi.

A ganina akwai dalilan da suka fi hanyar shigowar littattafai zurfi. Mu mutane ne masu gaggauta jana'iza, kamar yadda addini ya koyar, kuma da wuya iyali su yarda likita ya buɗe gawa. Idan aka yi rasuwa, abin da ake faɗa shi ne kwana ya ƙare, sai haƙuri. Wanda ya tsaya tambayar me mamaci ya ci, wa ya shiga ɗakinsa a ƙarshe, sai a ga kamar bai yarda da ƙaddara ba, ko yana neman raba zumunci. Ga kuma rufin asiri, wanda muke roƙo a kowace addu'a. Idan ma zargi ya taso, sau da yawa ba guba ake zargi ba, sammu ake zargi, kuma mai neman gaskiyar sammu wurin mai duba yake zuwa. Labarin da aljani ko boka zai iya warwarewa a shafi ɗaya ba ya bukatar mai bin alamu. Sannan talaka ya daɗe da sanin cewa wanda ya kai rahoton gawa yakan zama wanda za a fara tsarewa.

Ina girmama haƙuri da tawakkali, amma ban yarda sun hana tambaya ba. Shari'ar Musulunci ta ɗauki jini da nauyin da har ta tanadi hanyar rantsuwar ƙasama domin gawar da aka tsinta ba a san wanda ya yi kisan ba, don kada jinin mutum ya tafi a banza. Kuma abin da ya faru a Kano tsakanin ƙarshen 2021 da farkon 2022, lokacin da aka sace yarinya 'yar shekara 5 aka kashe ta, daga baya ta bayyana mai makarantar da take zuwa ne ya aikata, har kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin 2022, ya isa ya nuna mana cewa cuta takan fito daga hannun da aka amince da shi. Wannan shi ne ainihin darasin da labaran Christie ke koyarwa, cikin ruwan sanyi, ba tare da an tsorata yaro ko an ɓata tarbiyya ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne gwarzon irin wannan labari yana zaune a tsakiyar adabinmu, ba mu gan shi ba. Adabin kasuwar Kano a kafaɗar masu kanti ya tashi. Kantuna irin su City Bookshop na Jakara, da Sauƙi Bookshop, da Garba Mohammed Bookshop na kasuwar Sabon Gari, su ne suka zama kamfanin ɗab'i da banki da ofishin rarrabawa a lokaci guda. Marubuciya tana cikin gida a Gusau ko Funtuwa, ɗan'uwanta ya kawo rubutu, mai kanti ya duba ya ce wannan zai shiga, wannan a raba shi kashi uku. Shi ya san 'yan sarin da ke ɗauka zuwa Maraɗi da Damagaram da Kumasi. A unguwanni kuma ga masu ba da haya, waɗanda suka san wace amarya ce ke aiko yaro kullum, wace ce ta daina aikowa tun da aka yi mata kishiya. Sun ga zamanin ƙona littattafai a Kano a 2007, sun ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016, sun ga yadda waya ta kwashe masu karatu zuwa WhatsApp da Wattpad da masu karanta littafi a YouTube. Mutumin da ya ga wannan duka yana da labari a bakinsa.

In kuwa wurin da za a kafa labarin ake nema, ban san inda ya fi Zangon Kwatano ba. Unguwa ce ta Hausawa da Zabarmawa da Dendawa da Yarabawa Musulmi a tsakiyar birnin da harshen titinsa Fon ne, na ofis kuma Faransanci. Babban masallacin Zango shi ne cibiyarta, ga unguwar Jonquet kusa da 'yan canji da motocin ƙetare iyaka, ga babbar kasuwar Dantokpa ba nisa. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta zamani a 1965, kayan Nijar ta nan suke bi, su hau zuwa Parakou, su ƙetare gadar Malanville zuwa Gaya. Ta nan gwanjo da shinkafa da motocin da muke kira 'yan Kwatano suka riƙa kwarara zuwa Arewa. Saboda haka Zango wuri ne na baƙo da mai masauki, na dillali da ajiya, inda miliyoyi ke wucewa daga hannu zuwa hannu a kan amana ba takarda. Duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar yadda Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ko yadda aka rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, bashi yakan taru, amana ta yi rauni, a ga wanda ya arzuta dare ɗaya da wanda ya karye. Ƙaramar al'umma ce a cikin babban birni, wadda ta fi son ta kashe wutarta a gaban liman da sarkin Zango kafin magana ta kai ga hukuma da harshen da dattawa da yawa ba su ji sosai.

A irin wannan wuri, wa ya fi mai sayar da littattafai na ƙofar masallaci sanin shige da fice? Yana zaune da Alƙur'anai da Ahalari da Iziyya da Ishiriniya, ga carbi ga turare. Direban da ya sauka daga Dosso a wurinsa zai bar saƙo. Ɗan kasuwar da zai shiga salla a wurinsa zai ajiye jaka. Yana jin Hausa da Zabarmanci, yana taɓa Fon da Faransanci, ya san wanda ya zo sallar asuba da wanda aka rasa a sahu. Ko kuma a ɗauki mace, Hajiya mai sayar da atamfa da littattafai a cikin gida, wadda ke shiga ɗakunan da ba ɗan sandan da zai taɓa shiga, ta zauna zaman makoki na kwana uku tana jin abin da mata ke faɗa ƙasa-ƙasa. Yaran Zango da Faransanci suke karatu a makaranta, amma kunnensu na Hausa ne, kuma labarin da aka karanta a waya yana isa gare su a ranar da ya isa Kano.

Sharuɗɗan salon ma sun yi daidai da abin da iyaye da malamai suka daɗe suna nema daga marubutanmu. An shekara ana kukan batsa a littattafan intanet. Ga salon da dokarsa ta hana batsa da zubar da jini a fili, yake kuma koya wa mai karatu kada ya yanke hukunci da zato, ya saurari kowa, ya nemi hujja. Wahalarsa a wurin marubuci take, domin ba a fara shi sai an san ƙarshensa, kuma ba ya jure a yi ta jan sa kashi-kashi don a ƙara kuɗi.

Sau da yawa idan sabon salo ya shigo rubutun Hausa, gasa ce ke buɗe masa ƙofa: ta 1933, da ta kamfanin ɗab'i na NNPC da ta fito da So Aljannar Duniya ta Hafsat Abdulwaheed a 1980, da ta 1982, har zuwa Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da ɗimbin mata marubuta gajerun labarai. Bwana Msa na Zanzibar ma ta gasa ya shigo duniya. Don haka kirana ga masu shirya gasa, da ƙungiyoyin marubuta na Kano da Katsina da Maraɗi, da attajiran Zango masu kishin harshe, shi ne a ware shekara guda a ce labarin bincike ake so, mai binciken ya zama mutumin unguwa, a kuma hana aljani da boka da bindiga warware matsalar. Marubutan suna nan, a ba su dalilin gwadawa.